Me Ya Sa Mutanen Kilkenny Suke Cewa Sai Agusta Ake Fara Harlin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ne ya kawo ni ƙasar Ailan, ina zaune a wani ƙaramin gari a gundumar Kilkenny. A watan Yuli na kalli wasan ƙarshe na ƙasa na harlin, wasan nan na sanda da ƙwallo na mutanen Ailan, a talabijin, na ɗauka shi ke nan an rufe kaka. Sai ga shi Agusta na kamawa an cika garinmu da tutoci, abokan aikina suna cewa yanzu ne za a fara gasa. Wace gasa ce wannan, yaya ake tafiyar da ita, kuma me ya sa ta fi tayar musu da hankali?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa. Abokan aikinka ba zolayarka suke yi ba. Gasa biyu ce, ka ga ɗaya, yanzu za ka ga ɗaya. Wadda ka kalla a Yuli ta gundumomi ce, inda Kilkenny da Cork da Limerick da Tipperary da Clare da sauransu kowace take tsamo gwanayenta ta haɗa tawaga guda, a je a kara a filin Croke Park da ke Dublin. Wadda aka kafa wa tutoci a garinku kuwa gasar kulob-kulob ce ta cikin gunduma. Mutanen nan da suka sa riga ɗaya, baƙa da ruwan ɗorawa, da sunan Kilkenny, yanzu kowa ya koma ƙauyensu, zai ɗauki sanda ya tare wanda suka yi wata shida suna atisaye tare. Na daɗe ina bin wannan gasa a bakin fili, kuma a ganina wanda bai fahimce ta ba bai fahimci harlin ba, ko da ya kalli wasan ƙarshe na ƙasa sau goma.

Tun da ka riga ka kalli wasan, ba zan daɗe a kan dokokinsa ba. Mutum 15 ne a kowane ɓangare, kowa da sandarsa mai faffaɗan baki, wadda a al'ada ake sassaƙawa daga itacen ash, da 'yar ƙwallon fata mai tauri, da hular kwano wadda ta zama dole ga kowa tun 2010. Ba a ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu, ba a jifa da ita, kuma ba a wuce taku 4 tana hannu, in kana son ci gaba da gudu sai ka ɗora ta a bakin sanda. In ta bi ta saman sandar da ke gicciye tsakanin turaku maki 1 ne, in ta shiga raga maki 3. Shi ya sa ake rubuta sakamako da lamba biyu: 1-15 na nufin ci ɗaya a raga da maki 15, jimla 18, don haka mai 0-19 ya doke shi. Bambanci ɗaya da za ka lura da shi: wasan kulob minti 60 ne, na gundumomi 70.

Abin da zan tsaya a kansa shi ne yadda mutum yake zama ɗan kulob, don komai daga nan ya taso. Ka cire tunanin ƙwallon ƙafa ta Ingila daga ranka, inda mai kuɗi ke sayo ɗan wasa daga ko'ina. Ƙungiyar GAA, wadda aka kafa a garin Thurles ranar 1 ga Nuwamba 1884 kuma ita ke riƙe da harlin, ba ta biyan 'yan wasa albashi, ba a saye ba a sayarwa. A Kilkenny iyakar kulob ita ce iyakar yankin coci, wato ƙauyukan da suke ƙarƙashin limamin Katolika guda. Inda aka haife ka ko inda kake zaune, nan za ka buga. Ana iya sauya kulob, amma sai da dalili kamar ƙaura, sai hukumar gunduma ta amince, kuma wanda ya bar ƙaramin kulob ya koma babba na maƙwabta don neman kofi, to ya sayi magana har tsufansa. Ba a tambayar addininka, kada kalmar coci ta ruɗe ka, taswira ce kawai aka gada. Yaronka in ya taso a garin nan, ɗan kulob ɗin garin ne kamar kowa.

Ka auna abin da wannan ke haifarwa. Koci ba shi da kasuwar da zai je ya cike giɓi. In yankinsa bai haifi mai tsaron gida ba, sai ya ƙera ɗaya daga cikin yaran da yake da su. In a wasu shekaru uku aka yi dace aka haifi maza da yawa masu hannu a ƙauye ɗaya, bayan shekara ashirin ƙauyen zai girgiza gunduma. In waɗannan suka tsufa, ko biyar daga cikinsu suka tafi Ostireliya neman aiki, abin da yake faruwa sosai, sai kulob ya kwanta ya jira wasu. Saboda haka in ka karanta sunayen 'yan wasa a takardar da ake sayarwa a bakin ƙofa za ka ga sunan gida ɗaya ya maimaitu sau uku, sau huɗu. Wa da ƙane ne, da 'ya'yan baffanni. Kulob ɗin Ballyhale Shamrocks ya tashi ne a kan 'yan'uwa bakwai na gidan Fennelly, kuma daga baya 'ya'yan gidan, Michael da Colin, suka ɗora. Tsohon da ke tsaye kusa da kai yana yi wa alƙalin wasa ihu, mai yiwuwa jikansa ne mai lamba 7, kuma shi ma ya taɓa sa rigar.

Dalilin da ya sa sai Agusta ake farawa sabon abu ne. A da wasan ƙarshe na ƙasa a Satumba ake yi, a 2018 aka dawo da shi Agusta. Duk tsawon lokacin da tawagar gunduma ke cikin gasa, kulob ba ya ganin gwanayensa, sai a yi wasa ɗaya ko biyu a Afrilu, a ɗage sauran, mutum bai san ranar da zai buga ba balle ya sa ranar aurensa ko hutunsa. Talakawan 'yan wasa, waɗanda su ne mafiya yawa nesa ba kusa ba, suka gaji har suka kafa ƙungiyarsu a 2017 don neman a gyara. Annobar korona ta 2020 ta tilasta a raba lokacin gida biyu, aka ga abin ya yi kyau, sai aka mayar da shi doka. Daga 2022 wasan ƙarshe na ƙasa a Yuli ake yi, sauran shekara ta kulob ce. Har yanzu akwai masu ƙorafin cewa an ba wa wasu wasannin Agusta da Satumba kyauta a talabijin. Ni dai ina tare da sabon tsarin, don na ga yadda tsohon ya riƙa kashe wa samari gwiwa.

A Kilkenny matakai uku ne manya: na ƙoli, na tsakiya, da na ƙasa. A na ƙoli kulob 12 ne, ana raba su rukuni biyu, shida-shida, kowa ya buga wasa 5. Wannan zagayen ba ya fitar da kowa, matsayi yake rabawa. Biyun farko na kowane rukuni su wuce kwata fainal kai tsaye, sauran takwas su yi zagayen farko na sili ɗaya ƙwale, huɗu su tsira. Daga nan kwata fainal, sai na kusa da na ƙarshe, sai wasan ƙarshe a filin Nowlan Park da ke birnin Kilkenny, yawanci a ƙarshen Oktoba, a ɗaga kofin Tom Walsh. A can ƙasan tebur kuma akwai wata gasar da ba mai son shigarta, ta neman tsira, inda kulob ɗaya ke gangarawa mataki na tsakiya, zakaran na tsakiya ya hau gurbinsa. An fara wannan gasa tun 1887, kuma Tullaroan ce ta fara ci.

Shawarata, kada ka yanke hukunci da wasannin rukuni. Na sha ganin kulob ya lashe duk wasanninsa na Agusta, ya zo kwata fainal a yi waje da shi. Dalili biyu ne. Na farko, manyan kulob da ke da mutum huɗu ko biyar a tawagar gunduma suna karɓarsu a gajiye, wasu da rauni, sai a lallaɓa su, ba a son su kai ganiya kafin ƙarshen Satumba. Na biyu, kuma wannan baƙo bai cika lura da shi ba, wasan kansa yana sauyawa da yanayi. A Agusta ƙasa a bushe take, ƙwallo na gudu, sirara masu sauri su yi ta zuba maki, ka ga an tashi 2-25. Zuwa Oktoba ruwan sama ya jiƙa fili, ciyawa ta yi nauyi, ƙwallo ta sha ruwa, in ta faɗi sai ta lafe, mutum shida su taru a kanta suna turereniya. A nan ƙarfi da haƙuri ke aiki, da mai bugun tazara wanda hannunsa ba ya rawa. Kulob ɗin da ke da irin TJ Reid na Ballyhale ya san duk ketar da aka yi masa daga tsakiyar fili maki ce. Don haka in za ka yi hasashen wanda zai ɗauki kofi, duba 'yan baya shida da mai bugun tazara, ka bar masu burgewa.

Bari in ba ka labarin kakar 2024, don a cikinta duk abin da na faɗa ya fito fili. Amma sai mun ɗan koma baya.

Ballyhale Shamrocks, wadda aka kafa a 1972 a wani yanki na karkara a kudancin gunduma, ta ci kofin Kilkenny sau biyar a jere daga 2018 zuwa 2022. Na 2022 shi ne na 20, da shi ta kamo Tullaroan. Kofin kulob na ƙasa baki ɗaya kuwa ta ɗauke shi sau 9, babu wanda ya kai ta. Daga can Henry Shefflin ya fito, mai lambar zakaran ƙasa 10 da Kilkenny, kuma da ya ajiye sanda shi ya horar da su suka ci kofin ƙasa na 2019 da 2020. Mutane har sun fara cewa gasar ta zama ta neman na biyu. A 2023 O'Loughlin Gaels, ɗaya daga cikin kulob uku na birnin Kilkenny, ta tare su a wasan ƙarshe ta doke su da maki ɗaya tak, 0-20 da 0-19, kuma ɗan baya ne, Paddy Deegan, ya ci makin ƙarshe. O'Loughlin ta wuce ta ci lardin Leinster, ta kai wasan ƙarshe na ƙasa a Janairun 2024, inda St Thomas' ta Galway ta rama wa kowa, ita ma da maki ɗaya. Saboda haka da aka shiga kakar 2024, hirar kowa ita ce O'Loughlin za ta riƙe ko Ballyhale za ta ƙwato.

Ba wanda ya sa Thomastown a lissafi. Gari ne a bakin kogin Nore, ba shi da nisa da Ballyhale, kuma rabonsa da kofin ƙoli tun 1946. Sun yi shekaru a mataki na tsakiya, suna kaiwa wasan ƙarshe ana doke su, har abin ya zama kamar baki aka yi musu. A 2023 suka tsallake, a Janairun 2024 suka je Croke Park suka ci kofin ƙasa na matakin tsakiya a kan Castlelyons ta Cork. Sabon hawa abin da ake tsammani daga gare shi shi ne ya tsira daga komawa. Su kuwa sai suka fitar da maƙwabtansu Ballyhale a hanya, suka je wasan ƙarshe suka tarar da masu riƙe da kofi, O'Loughlin Gaels, suka tashi 0-18 da 0-7. Ka sake duba lambar nan: kulob ɗin da wata tara kafin nan ya kusa zama zakaran ƙasa, a minti 60 maki bakwai ya samu, ko ɗaya bai shiga raga ba. Ba tsafi ba ne. Tsara ɗaya ce ta samari da suka taso tare tun suna yara, da John Donnelly a gabansu, suka sha kaye tare har suka koyi yadda ake cin wasa mai wuya, kuma suka zo da sabon cin nasara daga mataki na tsakiya. Shekara 78 garin yana jira.

A kakar nan dai, a ɗaya ƙarshen tebur, James Stephens ta faɗa mataki na tsakiya bayan Glenmore ta doke ta a wasan neman tsira. Wannan kulob ne na cikin birni mai kofin ƙasa 3, wanda ya buga wasan ƙarshe na gunduma a 2022, shekara biyu kacal kafin nan. Kuma wanda ke tsaye a bakin layi yana horar da su Brian Cody ne, mutumin da ya ci wa Kilkenny kofin ƙasa 11 a matsayin koci. Da ya sauka daga kujerar gunduma a 2022 bai tafi neman wani babban aiki ba, kulob ɗinsu na haihuwa ya koma, kuma duk sunansa bai iya sayo ko mutum ɗaya ba. Ni wannan faɗuwar ta fi nuna mini yadda gasar take fiye da nasarar Thomastown. Wanda ya taɓa halartar wasan neman tsira ya san ba daɗin kallo gare shi, tsoro ne zalla, hannaye na rawa, kuma wanda ya yi nasara ba murna yake yi ba, ajiyar zuciya yake yi.

In an ci kofi, akwai al'adar da za ka so ka gani. Mutanen gari su kwararo cikin fili, kyaftin ya hau mumbari ya karɓi kofi, ya buɗe jawabi da 'yan kalmomi a harshen Ailan, ya gode wa kowa har masu wankin riguna da masu yanka ciyawa, ya ambaci waɗanda suka rasu a shekarar, sannan ya sa a yi wa waɗanda aka doke jinjina sau uku. Da dare a kunna manyan wutace a mararrabar hanyoyi, a shigo da kofi gari. Gaskiya sauran bikin a mashaya ake yin sa, kwana biyu ko uku, wannan kuwa kana iya barin musu kayansu ba wanda zai ga laifinka. Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa a cikin mako: a ɗauki kofi a kai makarantun firamare na yankin, yara su taɓa. Nan ake shuka tawagar shekara goma sha biyar masu zuwa.

Kaka ba ta ƙare a nan ba ga zakara. A Nuwamba zai wakilci gunduma a gasar lardi, Kilkenny tana Leinster, wanda ya ci lardi ya shiga ta ƙasa. Wasan ƙarshe na ƙasa a da ranar 17 ga Maris ake yi, ranar Waliyyi Patrick, daga 2020 aka dawo da shi farkon shekara, a ɗaga kofin Tommy Moore. A wannan zangon ne gajiya da biki ke kama mutane. Thomastown ɗin nan, makonni kaɗan bayan ta gigita Kilkenny, ta je ta sha kashi a hannun Castletown Geoghegan ta Westmeath, gundumar da ba a sa ta a sahun manya a harlin. Kofin ƙasa na wannan kakar Na Fianna ta Dublin ce ta ɗauka a Janairun 2025.

In ka tsallaka iyaka za ka tarar kowace gunduma da nata tsarin. A Cork ana barin tawagar shiyya, wadda ke haɗa 'yan wasan ƙananan kulob da yawa, ta shiga gasa, amma ko ta ci ba za ta wakilci gunduma a lardi ba. Haka aka yi a 2024: Imokilly ta ci, Sarsfields da aka doke ita ta tafi, ta kuma ci lardin Munster har ta kai wasan ƙarshe na ƙasa. A Tipperary kulob kamar Loughmore-Castleiney da mutane kusan iri ɗaya yake buga harlin da ƙwallon Gelik, wato ƙwallon ƙafa ta gargajiyar Ailan, wannan mako sanda, mako mai zuwa ƙwallo, kuma ya taɓa haɗa kofunan biyu a shekara guda. A Kilkenny ba ku da wannan matsalar, ƙwallon Gelik ba ta da kasuwa. A Waterford kuwa Ballygunner ta ci sau 11 a jere daga 2014 zuwa 2024, kuma a nan nake ganin raunin tsarin. Dokar yanki tana da kyau muddin yankunan sun yi kusa da juna a yawan jama'a. In kulob yana bakin birni, sababbin gidaje na ta tashi a yankinsa, yana da yara ɗari a ajin 'yan ƙasa da shekara goma, wani kuma a karkara sai ya haɗa kai da maƙwabta kafin ya cika 15, to dokar da aka yi don adalci ta fara zama akasinsa. Ballyhale ta nuna ƙaramin wuri na iya yin sarauta, amma kada a ɗauki abin da ba a saba gani ba a rufe ido da shi. Wannan ce babbar matsalar da ke gaban GAA, ta fi rigimar kalanda.

Game da yadda za ka bi ta: jaridar Kilkenny People tana kawo jadawali da rahoto, gidan rediyon KCLR yana sharhin wasanni kai tsaye, tashar TG4 mai harshen Ailan takan nuna wasannin kulob ranar Lahadi, ko ba ka jin yaren hoto ya ishe ka. Amma kada ka jira wasan ƙarshe a Nowlan Park, kuma kada ka tsaya a talabijin. Tambayi abokan aikinka a wane mataki kulob ɗin garinku yake da inda zai buga wannan makon, don sau da yawa a filin wani kulob na daban ake yi, ba gidan kowa ba. Ka je da wuri, ka sayi takardar sunaye, ka tafi da rigar ruwa ko da rana ta fito. Ka tsaya ta gefen fili wajen tsakiya, kada ka tsaya bayan raga inda ƙwallo ke fitowa da gudu, kuma ka nemi wani dattijo ka tsaya kusa da shi ka tambaye shi mai lamba 6 ɗan gidan wa ne. Kafin a tafi hutun rabin lokaci zai ba ka tarihin gidan har kakanni.